Tambaya da Amsa: Mun Sa Hannu da Jami'ar Turai, Har Yau Shiru

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da jami'armu ta sa hannu a takardar fahimtar juna da wata jami'a a Turai kan binciken gero da dawa. An ɗauki hotuna, an watse, har yau babu labari. Ina matsalar take?
Daga wani malamin aikin gona, Katsina

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Takardar fahimtar juna niyya ce kawai: ba ta ɗaure kowa, kuma babu ko kwabo a cikinta. Abin da ya rage muku shi ne yarjejeniya ta biyu, ta aiki. A rubuta sunan malami ɗaya a nan da ɗaya a can, bincike guda takamaimai, wa'adinsa, da wanda zai biya kuɗin jirgi, masauki da biza. In ba a ambaci suna ba, ranar da shugaban jami'a ya sauka maganar ta mutu.

Sai kuɗi. A tsarin musayar malamai da ɗalibai na Tarayyar Turai, wato Erasmus+, jami'ar Turai ce ke shigar da buƙata, ba taku ba, yawanci a watan Fabrairu. Ku tuntuɓe su tun kaka, kada ku zauna jira. A gida kuma akwai tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu.

Inda aka fi cutuwa shi ne wajen samfur. Kada irin geronku ya bar Katsina a jakar wani baƙo. Sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai daga NAQS, hukumar da ke duba lafiyar kayan gona masu shiga da fita Najeriya, in ba haka ba a tsare shi a filin jirgi. Sai kuma rubutacciyar yarjejeniyar miƙa samfur: me za a yi da irin, wa ke da bayanan, wa zai amfana in an fitar da sabon iri. Yarjejeniyar Nagoya ta 2010, ta ƙasa da ƙasa kan raba amfanin albarkatun halittu irin su iri, tana bayanku a nan. Jerin sunayen marubutan takardar binciken ma a daidaita shi kafin a shiga gona. Abin takaici ne malaminmu ya sha rana yana tattara bayanai, takarda ta fito sunansa yana wajen godiya.

Kuma kada ku raina na kusa. Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo tana Maraɗi, ta hanyar Jibiya. Geronku ɗaya, ƙuduji ɗaya ke cinye muku gonaki, kuma gwajin da aka yi a ƙasashe biyu ya fi jan hankalin masu ba da tallafi.