Denis Law, ɗan Skotland ɗaya tilo da ya ci Ballon d'Or

Ka tambaya ko an taɓa samun ɗan ƙwallon Skotland da ya lashe Ballon d'Or, kyautar gwarzon ɗan ƙwallo na shekara. An samu, amma mutum ɗaya ne kacal, wato Denis Law, wanda ya karɓe ta a 1964.

An haifi Law a Aberdeen a 1940, ya fara wasa a Huddersfield Town, sannan ya koma Manchester City, daga nan ya yi kakar wasa ɗaya a Torino ta Italiya, inda bai ji daɗin zama ba. A 1962 Matt Busby, kocin Manchester United, ya sayo shi zuwa ƙungiyar kan fam 115,000, kuma a can ne tauraruwarsa ta haska, domin ya zura ƙwallo 237 a wasa 404, ciki har da 46 a kakar 1963-64 kaɗai. Ya ɗauki kofin FA a 1963 da kofin gasar Ingila a 1965 da 1967, sai dai abin da ya fi ba ni tausayi shi ne ciwon gwiwa da ya hana shi buga wasan ƙarshe na kofin Turai a 1968.

Bayan ya koma City, ya jefa wa United ƙwallo da dunduniya a 1974, shekarar da United ta faɗi daga rukunin farko, kuma ya ƙi yin murna saboda ƙaunar da yake yi mata. Ya ci wa Skotland ƙwallo 30 a wasa 55, kuma ya rasu a Janairun 2025.