Tambaya da Amsa: Bututun VPN Yana Nuna Kore, Amma Aiki Ba Ya Tafiya

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ke kula da kwamfutocin wani kamfanin kayan masarufi mai babban ofishi a nan Maradi da ma'ajiya a Yamai. Mun haɗa wuraren biyu da bututun VPN irin na IPsec, wato ɓoyayyar hanyar aika bayanai ta cikin intanet, tsakanin katangun tsaronmu (firewall), waɗanda ba ƙirar kamfani ɗaya ba ne. Tun da muka sauya kamfanin intanet a Yamai abubuwa uku suke damunmu. Bututun yakan nuna kore, ping, ɗan saƙon gwajin hanya, shi ma yana wucewa, amma manhajar lissafi sai ta daskare idan aka buɗe babban rahoto. Yakan kuma yanke da kansa bayan wasu sa'o'i. Idan aka ɗauke wuta a Maradi kuwa, ba ya dawowa sai mun kashe katangar Yamai mun kunna. Shin katangar ce ta lalace mu sayi wata?
Daga wani mai karatu, unguwar Ali Ɗan Sofo, Maradi.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka kashe kuɗin kamfani tukuna, domin alamomin da ka lissafa na saiti ne, kuma kowace da nata dalili. Launin koren da kake gani yana shaida abu ɗaya kawai, wato katangun biyu sun gaisa sun amince da juna. Bai ce komai ba game da ko bayanai suna isa inda aka nufa.

IPsec yana tashi ne a mataki biyu. A na farko, ta hanyar yarjejeniyar IKE a ƙofar UDP 500, ɓangarorin suna tabbatar wa juna ko su wane ne, su daidaita kan salon ɓoye bayanai da rukunin Diffie-Hellman, wato dabarar da suke samar da mabuɗin sirri da ita. A na biyu suna amincewa kan rukunan adireshin da za su bi bututun da mabuɗan da za a kulle su, sannan bayanan su fara tafiya cikin ESP, yarjejeniyar da ke ɗaukar bayanan a kulle, wadda lambarta 50 ce. Idan akwai na'ura a tsakani mai sauya adireshi, komai yakan koma ƙofar UDP 4500. Saboda haka aikin farko shi ne a buɗe rajistar katangun biyu a lokaci guda a ga matakin da aka tsaya, kuma rajistar ɓangaren da aka kira ta fi ta mai kiran faɗin gaskiya, tunda shi ne yake ƙin tayin kuma shi ya san dalili.

Daskarewar manhajar lissafi ita ce ta fi ɓata wa ma'aikata rai, kuma ina zargin girman ƙunshin bayanai ne. A bisa al'ada ƙunshi ɗaya ba ya wuce bayit 1500. IPsec yana lulluɓe shi da sabon kai da abin tabbatarwa da ciko, abin da kan iya cinye bayit 70 ko fiye, kuma idan sabon layinku na PPPoE ne, wani salon haɗi da kamfanin intanet, shi ma ya riga ya rage bayit 8. Ping ƙarami ne, shi ya sa yake wucewa lafiya, amma babban rahoto yana cika ƙunshin har baki, kamar motar da aka yi wa lodin da ya fi tsayin ƙofar kasuwa. Ya kamata na'urar da ke hanya ta aiko da saƙon ICMP cewa a rage girma, sai dai masu kula da katanga da yawa suna toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro, ɗabi'ar da ban taɓa ganin amfaninta ba. Ka gwada daga wata kwamfuta mai Windows da umarnin ping -f -l 1472 zuwa babbar kwamfutar Yamai. Idan ya ƙi, ka yi ta rage lambar har ya wuce. Maganin da ya fi sauƙi shi ne ka kayyade MSS, wato iyakar bayanan da ƙunshi ɗaya zai ɗauka, a kan bututun a ɓangarorin biyu, kuma bayit 1360 adadi ne da yake wadatarwa a yawancin layuka.

Batun yankewa bayan wasu sa'o'i yana buƙatar ka riƙe agogo. Ka rubuta lokacin da bututun ya tashi da lokacin da ya faɗi, domin idan tazarar tana maimaita kanta, to wurin sabunta mabuɗi ne matsalar take. Kowane kamfani da wa'adin da yake sa wa mataki na biyu tun daga masana'anta: Palo Alto sa'a 1, Cisco ASA daƙiƙa 28800, FortiGate kuma daƙiƙa 43200. A IKEv2, sabon salon IKE, ba a yin ciniki kan wa'adi, wanda nasa ya fi gajarta shi ke fara neman sabuntawa. Abin da yake ruɗa mutane shi ne saitin PFS, wanda ke sa a yi sabon musayar Diffie-Hellman duk lokacin sabunta mabuɗi, domin a IKEv2 mabuɗan farko na mataki na biyu ana samar da su ne ba tare da sabon musayar Diffie-Hellman ba. Ke nan ko da ɓangare ɗaya ya kunna PFS ɗayan bai kunna ba, ko kuwa wannan ya zaɓi rukuni na 14 wancan na 5, bututun zai tashi sumul, sai ranar sabuntawa ta zo a ga NO_PROPOSAL_CHOSEN a rajista. Ka kwafo saitin ɓangarorin biyu a takarda ɗaya ka gwama su layi bayan layi. Idan har yanzu IKEv1 kuke amfani da shi, wannan dama ce ta komawa IKEv2, tunda hukumar IETF mai tsara ƙa'idojin intanet ta ayyana tsohon a matsayin wanda aka daina yayinsa a 2023.

Abin da ke faruwa bayan ɗauke wuta kuwa a fili yake. Katangar Maradi ta mutu ta farfaɗo ta manta da yarjejeniyar, ita kuwa ta Yamai tana riƙe da tsofaffin mabuɗai tana ta aiko da bayanan da ake zubarwa. Ka kunna DPD a ɓangarorin biyu, shi ne yake taɓa abokin hulɗa lokaci zuwa lokaci, idan bai amsa ba a rushe tsohon bututu a gina sabo. Amma ka duba adireshin da sabon kamfanin ya ba katangar Yamai. Idan ya faɗa tsakanin 100.64.0.0 da 100.127.255.255, to kuna bayan CGNAT ne, kuna raba adireshin waje da wasu abokan ciniki, kuma babu yadda Maradi za ta iya kiran Yamai. A wannan hali Yamai ce kaɗai za ta riƙa fara kira, don haka ka saita ta ta riƙa tayar da bututun da kanta, ka saita Maradi ta karɓi abokin da adireshinsa ke sauyawa ta hanyar sunan shaida. In kamfanin yana sayar da tsayayyen adireshi na waje, a ganina kuɗinsa ya fi wannan wahala araha. Batirin ajiyar wuta ga katanga da modem, wanda zai riƙe su har janareto ya tashi, shi ma wajibi ne. Ka sauya abu ɗaya a lokaci guda, ka gwada, sannan ka taɓa na gaba.

TAMBAYA: Malam, mun buɗe reshe a Tasawa, bututun ya tashi, amma babu kwamfutar da ke ganin 'yar'uwarta. Duka ofisoshin 192.168.1.0/24 suke amfani da shi.
Daga wata mai karatu, unguwar Zariya, Maradi.

AMSA: Malama, amsar tana cikin tambayarki. Kwamfutar Maradi da ke neman 192.168.1.20 tana ɗauka cewa maƙwabciyarta ce a ofis, don haka ba ta ma miƙa ƙunshin ga katanga, balle ya shiga bututu. Ana iya rufe wannan da NAT, wato sauya adireshi, a cikin bututun, amma zai bar miki ruɗani duk ranar da wata matsala ta taso. Tunda reshen sabo ne kuma na'urorinsa ba su da yawa, ki sauya masa rukuni zuwa wani abu kamar 10.20.2.0/24, ki gyara adireshin mataki na biyu da hanyar da ke nuna bututun da dokokin izini a katangun biyu, sannan ki tabbatar an keɓe wannan zirga-zirga daga NAT ɗin da ke fita intanet. Daga nan ki duba ƙidayar ƙunshin da aka kulle da wanda aka kwance: idan na wanda aka kulle yana hawa na wanda aka kwance yana tsaye a sifili, gyaran da ya rage yana ɗaya ɓangaren.