An buɗe karter, mota ta fara zubar da baƙin mai: a ƙara ɗaure bulon ko a sake aikin?

Tambaya daga wani mai Corolla ƙirar 2005 a Tahoua: Makon jiya na kai motata gareji, aka cire karter, wato kaskon da baƙin mai ke zama a gindin inji, aka wanke dattin da ya daskare a ciki. Tun ranar da na ɗauko ta, kullum da safe sai na tarar da tabon baƙin mai a ƙarƙashinta. Makanike ya ce zai ƙara ɗaure bulon ɗin, ya shafa silikon ta waje. Wani kuma ya ce in sayo sabon juwan, wato robar da ake sawa tsakanin karter da inji don hana yoyo. Ga shi ina da tafiya Yamai. Wanne zan bi?

Amsa: Malam, dabarar makaniken ba za ta fisshe ka ba. Amma kafin ka sayi komai, sai an tabbatar daga ina man yake fitowa. Baƙin mai ƙasa yake gangarawa, shi ya sa yawancin yoyon inji a jikin karter yake taruwa, ko da daga murfin saman inji ya taso, ko daga filta, ko daga zoben bulon ɗin juyen mai. A ɗora motar kan ramin gareji, a wanke gindin injin tas, a bari ya bushe, a barbaɗa hodar jarirai kewaye da bakin karter da bulon ɗin juyen mai, sannan a tayar da inji na minti 15. Inda hodar ta fara yin baƙi, nan ne ƙofar. In zoben bulon ɗin juyen mai ne, ka huta, don shi ne abu mafi araha a duk wannan lissafi.

In kuwa bakin karter ne da kansa, ga abin da ya kamata ka sani game da motarka. Injunan Corolla na dangin ZZ ba su fito daga kamfani da juwan na roba a wannan wuri ba. Silikon na inji ake zizarawa, wanda makanikai ke kira pat, shi ne ke zama juwan ɗin idan ya bushe. Don haka maganar sayen sabon juwan ba ta taso ba. Abin da za ka saya shi ne tub ɗaya na silikon ɗin da aka rubuta a jikinsa cewa yana jure baƙin mai da zafi. Ka guji na manna gilashin taga, mai warin tsami. Ba a yi shi don inji ba.

Ƙara ɗaure bulon shi ne ke mayar da ƙaramar matsala babba. Bulon ɗin ƙanana ne, na kile (sifana) lamba 10, kuma a wannan inji 9 N·m (ma'aunin ƙarfin ɗauri) kawai ake ɗaure su, ƙarfin da bai wuce na wuyan hannu ba. Karter kuma ƙarfe ne marar kauri. In aka matse fiye da haka, bakinsa yana lotsawa a kewayen kowane rami, sai tsakanin bulon da bulon ya buɗe, man ya samu hanyoyi goma a maimakon ɗaya. Wani lokaci ma bulon ɗin ya karye a ciki. Shafa silikon ta waje kuwa fenti ne a kan bango mai jiƙa: ba ya kama wurin da ke da maiƙo.

Ka tsaya a kan aikin da idonka. A juye man a mazubi mai tsabta da murfi. A cire karter ba tare da an cusa sukundireba an ɓanɓare shi ba, domin wannan ɓanɓarar ce ke lanƙwasa bakin tun farko. A kankare tsohon silikon daga ɓangarorin biyu, har cikin ramukan bulon, a goge har sai farin tsumma ya fito ba maiƙo. A ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan bakin karter a duba. In ya lotsa kaɗan a daidaita shi, in ya yi yawa a nemi wani. Sannan a ziza silikon layi ɗaya mai kaurin milimita 4, ba yankewa, ya bi ta gefen ramukan bulon na wajen cikin karter. A mayar da karter cikin minti 3, kafin saman silikon ɗin ya yi fata. A ɗaure daga tsakiya zuwa gefe, ana tsallakawa ɓangare zuwa ɓangare, a zagaye biyu.

Wuri biyu ne aka fi yin ɓarna. Na farko yawan silikon. Makanike mai gudun a dawo masa da mota sai ya lafta shi da yawa, rarar ta matso ciki, ta yanke, ta je ta toshe rariyar famfon mai. Daga nan ba yoyo ake magana ba, inji ne ke aiki babu isasshen mai a jijiyoyinsa. Na biyu gaggawa: aƙalla awa 2 ake jira kafin a zuba mai, kuma in motar za ta kwana a gareji ya fi. A ajiye ta cikin inuwa, inda iska ba ta kwaso rairayi, domin ƙurar Tahoua in ta sauka kan ɗanyen silikon ta ɓata shi.

Maganar tafiya: tsakanin Tahoua da Yamai ta Ƙonni da Dosso ya haura kilomita 500, a cikin zafi, inji na aiki awa bayan awa, mai ya tsinke ya ƙara saurin fita. Shawararmu a gyara kafin a kama hanya. In tafiyar ta zama dole kuma ɗigon kaɗan ne, ka riƙe lita 2 na irin man da ke ciki, ka duba sandar awo a Ƙonni, a Dogondutsi, a Dosso, mota a tsaye a wuri mai daidai, bayan inji ya huta minti 5. Tsakanin alamar ƙasa da ta sama a sandar wajen lita guda ne ko ɗan fiye. In jar fitilar mai ta kama, ka kashe inji nan take, kada ka ce bari in kai gari na gaba. Kuɗin aikin sakewa kuwa, tunda motar ba ta yoyo kafin a buɗe ta, adalci shi ne garejin ya ɗauka. Ka je da hoton tabon, ka yi magana cikin mutunci, silikon ɗin kuma ka sayo da kanka don ka san abin da aka sa.

Tambaya daga wata Hajiya a Yantala, Yamai: Motata tsohuwa ce mai juwan na gaske, kuma ya yage wajen gyara. Mai sayar da kayan mota ya nuna mini iri biyu, ya kuma ce akwai maganin kwalba da ake zubawa a mai ya tsayar da yoyo. Me zan saya?

Amsa: Hajiya, ki bar kwalbar a kantinsa. Aikinta kumbura robar da ta tsufa ta ƙanƙance, ba ta ɗinke abin da ya yage. Haka ma komawa mai mai kauri irin 20W50 ba ya rufe yaga. Ki sa a tafi da tsohon juwan ɗin kasuwa a ɗora shi kan sabon, rami ya hau rami. Ki zaɓi na roba mai laushi ko mai ƙarfe a ciki. Wanda ya daɗe a rana har ya sandare, yana tsagewa in an lanƙwasa, ki ƙi shi ko da araha. Kada a yanko miki daga tsohon tub na taya, baƙin mai yana jiƙa wannan robar ta saɓule. Juwan na roba a bushe ake ɗora shi, sai ɗan ɗigon silikon a kusurwoyin da ƙarfe biyu suka haɗu. Ki kuma sa a duba bawul ɗin numfashin inji, wato PCV: in ya toshe, iskar da ke taruwa a cikin inji za ta tura mai ta bakin sabon juwan ɗin ma.