Abin da ya sa nake ajiye almakashi bayan la'asar

Ka tambaye ni jiya, ɗana, me ya sa ba na yanka yadi da zarar an yi la'asar, ko da mai kaya yana tsaye yana roƙo. Ka ce ai hannuna bai gaji ba. Gaskiyarka, hannu lafiyarsa ƙalau. Kai ne yake gajiya.

Ka ƙirga shawarar da nake yankewa daga buɗe shago zuwa azahar. A sake wa wannan kafaɗa ko a tsuke, wane zare zai hau wancan yadi, a karɓi aikin wane ko a ba shi haƙuri, a rage kuɗi ko a tsaya. Kowace ƙarama ce, amma sai ta ɗebi rabonta. Kafin yamma za ka ji zuciyarka tana cewa, yi kawai a wuce wurin. To ɗinki in ya karkace a farke a sake, amma yadi in ya yanku ya yanku.

A goman ƙarshe na wani azumi, ina da ƙuruciya, wani dattijo ya kawo min gezna yadi goma, babbar riga da 'yar ciki da wando. Da yamma na shimfiɗa, na ɗauki awon da ke shafin kusa da nasa, na zana da alli, na sa almakashi. Tsawo ya gaza da inci huɗu. Washegari na shiga Kantin Kwari na sayo wata da kuɗina. Abin da har yau yake damuna, sai da raina ya ba ni in sake duba littafin, amma a lokacin buɗe shafi ɗaya ya yi min nauyi.

Wannan ba sabon abu ba ne. Manzon Allah (SAW) ya hana alƙali yanke hukunci tsakanin mutum biyu yana cikin fushi, malamai kuma suka haɗa da tsananin yunwa da ƙishirwa da barci. Ya kuma roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Shi ya sa duk aikin da ba a gyara shi nake yi da sassafe, kafin hayaniya. Yamma ta guga ce da sa maɓalli da tsinke zare.

Sauran dabarar ita ce ka rage wa kanka tambayoyi. A 2012 Barack Obama, yana shugaban Amurka, ya ce kwat kala biyu kawai yake sawa, shuɗi ko ruwan toka, don kada zaɓen tufa ya ci masa tunani. Ni ma ka ga kuɗin ɗinkina a rubuce yake a bango, ba na ciniki da kowa. Yawan kayan Sallah da zan karɓa tun watan Sha'aban nake tsayar da shi, in ya cika ya cika, ko ɗan'uwana ne. Da zan riƙa auna kowane roƙo a lokacin da aka zo da shi, wallahi kunya za ta sa in karɓa, ranar Sallah kuma wani ya rasa abin sawa.

Yau kafin mu rufe, ka jera min yaduka uku da za mu yanka gobe, kowanne da takardar awonsa a maƙale. In Allah ya kai mu, na farkon kai za ka yanka, ina tsaye a kanka.