Me zan saya wa tsuntsuna a kasuwar kayan gwari?

Tambaya: Ina da aku, tun da na same shi gyaɗa da gero da masara kawai yake ci. An ce in riƙa saya masa tuffa da inabi, ga su da tsada. Dole ne? (Wata Hajiya daga Kaduna)

Amsa: Hajiya, ba dole ba ne, kuma ba su ne maganin matsalarsa ba. Tuffa da inabi yawancinsu ruwa ne da sukari. Akun da ya tashi a kan hatsi da gyaɗa, abu biyu yake rasawa, bitamin A da sinadarin kalsiyam. Rashin bitamin A kan fito da yawan atishawa, toshewar hanci, fararen ƙuraje a cikin baki da dusashewar gashi. Rashin kalsiyam kuwa ya fi muni ga aku mai jar wutsiya, domin yakan kai shi ga karkarwa har ya faɗo daga kan sandarsa. A dazukan kudancin Najeriya da Kamaru da Kongo, inda asalinsa yake, yana cin kwakwar manja, wadda jikinsa ke samun bitamin A daga gare ta. A keji ke ce za ki cike masa wannan gurbi.

Idan kin shiga kasuwa, launi za ki bi: ja, ruwan ɗorawa da kore shar. Karas, kabewa, tattasai, ganyen zogale, dankalin Hausa mai jan ciki (a dafa shi ba gishiri), sai mangwaro da gwanda a lokacinsu. Aku babba nauyinsa gram 400 zuwa 500 ne, cokalin cin abinci biyu zuwa uku na yankakken kayan lambu sun ishe shi a rana, wato kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abincinsa. 'Ya'yan itace masu zaƙi kada su wuce yanka ɗaya ko biyu masu girman dunƙulen magi. Alayyahu da yakuwa suna da amfani, amma suna ɗauke da wani sinadari mai ɗaure kalsiyam ya hana jiki tsotsarsa, don haka sau biyu a mako ya wadatar. Zogale ya fi su dacewa da ci akai-akai.

Don kalsiyam, ki tafasa ɓawon ƙwai na minti 10, ki shanya, ki daka ya yi laushi, ki barbaɗa ɗan kaɗan a kan abincinsa sau biyu a mako. Amma jiki ba ya amfana da shi sai da hasken rana. Ki fito da kejin waje da hantsi na minti 20 zuwa 30, rabinsa a inuwa. Ranar da ta ratso gilashin taga ba ta yin wannan aiki. Gyaɗa kuma ki rage ta zuwa ƙwaya biyu ko uku, ki zubar da duk wadda ta canza launi ko take warin rima, domin funfunar gyaɗa tana lalata hanta.

Tambaya: Yara a gidanmu duk abin da suke ci sai sun miƙa wa tsuntsu. Wanne ne zai iya kashe shi? (Wani magidanci daga Zariya)

Amsa: Malam, na farko fiya. Naman, ɓawon, ƙwallon da ganyen duk suna da guba mai taɓa zuciyar tsuntsu, kuma ɗan kaɗan kan kashe kanari ko tsirya cikin kwana ɗaya zuwa biyu. Alamar ita ce tsuntsu ya kumbura gashi, ya sauko ƙasan keji, numfashi ya yi masa wuya. Babu wani maganin gida da ke karya wannan guba, sai a garzaya wurin likitan dabbobi.

Albasa da tafarnuwa suna fasa jajayen ƙwayoyin jini, ko ɗanye ko dafaffe, shi ya sa ragowar miya da jalof ba abincin tsuntsu ba ne, ga kuma gishiri da mai. A cire 'ya'yan cikin tuffa kafin a ba shi. A nisanta shi da ɗanyen wake, ɗanyen rogo, ganyen tumatir, da dankalin turawan da ya yi kore ko ya tsiro. Goro, shayi, kofi da cakulan suna hargitsa bugun zuciyarsa, kuma goron ne ya fi ba mu tsoro, saboda baƙi kan miƙa wa aku don wasa. Masu jiƙa hatsi ya tsiro su tsaya a kan gero. Sabon tsiron dawa yana da guba, irin wadda makiyaya suka sani tana kayar da dabba a gona.

Barkono da attaruhu kuwa, waɗanda mutane suka fi jin tsoro, ba su da illa. Tsuntsu ba ya jin yajinsu ko kaɗan, kuma aku yana son fasa su ya cinye 'ya'yan.

Tambaya: Na ba kanarina kankana da latas, sai kashinsa ya zama ruwa. Gudawa ce? (Wani ɗalibi daga Maraɗi)

Amsa: Duba takardar ƙasan keji da kyau. Kashin tsuntsu abu uku ne a haɗe: curi mai duhu, farin abu mai kauri, da ruwan fitsari. Idan curin yana nan da siffarsa, ruwa ne kawai ya yi yawa a gefensa, to kankanar ce ta fita, zai daidaita cikin yini. Gudawa ita ce curin kansa ya narke, ya ɓata gashin da ke ƙarƙashin wutsiya, tsuntsu ya daina kuka. Wannan sai likita, kuma da wuri, domin kanari bai wuce gram 15 zuwa 25 ba, ba ya jure rashin ruwa. Rabin ƙaramin cokalin shayi na gogaggen karas ko ɗan ganyen zogale a rana ya ishe shi. Latas ba ya cutarwa, sai dai yawancinsa ruwa ne.

Tambaya: Yaya zan wanke kayan lambun, kuma tsawon wane lokaci zan bar su a keji, ga zafi ga rashin wuta? (Wata mai kiwo daga Sakkwato)

Amsa: Malama, ki saya kaɗan-kaɗan, na kwana biyu. Ganyen lambu kan zo da ragowar maganin feshi, wani ma da ruwan kwata aka yi masa ban ruwa. Ki jiƙa shi a ruwa mai tsabta na minti 10, ki ɗauraye sau biyu ko uku, ba sabulu. Karas da tuffa da mangwaro a fere su. Ki guji mangwaro ko ayabar da ɓawonta ya yi rawaya fes amma cikinta da tauri ba zaƙi, domin sau da yawa da kabayid aka nuka ta, abin da hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kansa. Zogalen da kika shuka a tsakar gida ya raba ki da duk wannan fargaba.

A keji, ɗanyen abu ya samu kwanonsa daban, kada ya jiƙa hatsi su yi funfuna. A watannin Maris zuwa Mayu ki kwashe ragowar bayan awa ɗaya zuwa biyu, da sanyi kuma awa huɗu. Ki wanke kwanon kullum.

Tambaya: Na kawo wa tsuntsuna duk waɗannan kayan lambu, ko kallo bai yi musu ba. In hana shi hatsi har yunwa ta sa ya ci? (Wani mai karatu daga Kano)

Amsa: A'a, Malam. Tsuntsu yakan mutu da yunwa ga abinci a gabansa in bai san abinci ba ne, ƙarami ma cikin kwana biyu. Ka ba shi da sassafe lokacin da ya fi jin yunwa, ka yanka ƙanana sosai ka cakuɗa da ɗan geron da ya saba. Ka canza siffa: wanda ya ƙi gogaggen karas yakan karɓi dogon yanki da zai riƙe da ƙafa. Kanari yana son jiƙaƙƙen ganye a rataye jikin waya. Aku kuwa ɗan kwaikwayo ne, ka ci a gabansa, amma kada ka ba shi wanda ya taɓa bakinka. Abin kan ɗauki makonni. Ka riƙa auna shi a sikelin kicin sau ɗaya a mako, in ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ka mayar masa da tsohon abincinsa ka nemi likita.

Masu tantabaru da suka aiko da irin wannan tambaya, su hatsi ne abincinsu, ba sa bukatar 'ya'yan itace. Yankakken ganyen zogale ko kabeji sau biyu a mako, tare da tsakuwar da suke haɗiya, ya wadatar.