Tambaya da Amsa: Mamata ta riga ta shiga ɗaukaka, ko da saura?

TAMBAYA: Baba Fasto, mahaifiyata ta rasu wata 4 da suka wuce, bayan ta yi shekara 3 tana fama da shanyewar ɓarin jiki. Ni na yi jinyarta, ni nake mata wanka, ni nake ba ta abinci a baki. Ranar jana'iza mai wa'azi ya ce ta shiga ɗaukaka. Amma a ajin nazarin Littafi Mai Tsarki an koya mana cewa ɗaukaka ita ce matakin ƙarshe na ceto, sai ran da Almasihu ya komo. To wanne zan kama? Jikin nan da ya wahalar da ita kuma, me zai zama makomarsa?
Daga wata 'yarka cikin Ubangiji

AMSA: 'Yata, sannu da rashi. Ubangiji ya ta'azantar da ke, ya sāka miki wahalar jinya. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma wurin wankan nan ne ya fi tsaya mini a rai, domin ni ma na riƙe mahaifina a ƙarshen kwanakinsa. Har yau ina tuna yadda nake buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya in goge tafin hannun, da na saki sai su sake dunƙulewa.

Mai wa'azin nan bai faɗi ƙarya ba, malamin ajinku ma haka. Kowannensu ya kama gefe guda ne. Mamarki tana wurin Ubangiji yanzu haka. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 5:8 rabuwa da jiki zama ne tare da Ubangiji, Yesu kuma ya ce wa ɓarawon da aka gicciye kusa da shi a ranar nan zai kasance tare da shi a Firdausi (Luka 23:43). Masanan da suka taru a Westminster, a Ingila, sun rubuta a ƙaramin katikisim ɗinsu na 1647, wato littafin koyar da bangaskiya ta tambaya da amsa, cewa rayukan masu bi suna kammaluwa cikin tsarki a lokacin mutuwa, nan take su shiga ɗaukaka, jikunansu kuwa suna hutawa a kabari, har yanzu a haɗe da Almasihu, sai ranar tashi. 'Yan'uwanmu Katolika suna koyar da cewa wasu sukan bi ta wata tsarkakewa bayan mutuwa kafin su ga fuskar Allah. Ni ban ga haka a Nassi ba, amma a kan tashin jiki bakinmu ɗaya da su.

Saura ke nan: jikin. Ceto yana tafiya ne daki-daki. Ran da mutum ya ba da gaskiya, Allah ya baratar da shi, hukuncin zunubi ya sauka daga kansa. Daga nan tsarkakewa, aikin Ruhu Mai Tsarki na tsawon rai, ana faɗuwa ana tashi. Sai ɗaukaka, inda za a tumɓuke zunubi da saiwarsa, a kuma tā da jiki. Shi ya sa Bulus, yana rubuta wa Romawa daga Koranti wajen shekara ta 57, ya ce muna nishi a cikinmu muna jiran fansar jikunanmu (8:23). Ki lura, bai ce muna jiran a raba mu da jiki ba. Ina jin zafi in na ji ana cewa a bakin kabari wai jiki riga ce kawai da aka tuɓe aka yar. Allah ne ya yi jikin nan, Ɗansa ya ɗauki irinsa, ya kuma tashi da shi.

Ki duba Yesu bayan tashinsa. Ya ce wa almajirai su taɓa shi, fatalwa ba ta da nama da ƙashi. Suka ba shi gasasshen kifi, ya ci a gabansu (Luka 24). Ya nuna wa Toma gurbin ƙusoshi a hannunsa. Sun gane shi ne, ba wani ba, amma mutuwa ba ta da sauran iko a kansa. Filibiyawa 3:21 ta ce jikinmu na ƙasƙanci za a sāke shi ya zama kamar nasa. A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya kwatanta abin da shuka: ƙwaya ta shiga ƙasa da rauni, ta fito da ƙarfi, an shuka ta mai ruɓewa, ta tashi marar ruɓewa. Hannun nan da kike ɗagawa ki wanke, shi ne za a tā da shi, lafiyayye, kuma za ki san na mamarki ne.

Akwai kuma abin da nake marmari fiye da lafiyar gaɓoɓi. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, wanda ya rasu a 430, ya koyar da cewa Adamu yana da ikon ya ƙi yin zunubi, amma a ɗaukaka zunubin ma ba zai yiwu ba. Na yi shekaru ina kokawa da saurin fushi, ina tuba ina komawa. Ranar tana zuwa da ba zan ƙara ji yana taso mini a ƙirji ba, domin za mu ga Almasihu yadda yake, mu kuma zama kamarsa (1 Yahaya 3:2).

In zuciyarki ta yi shakka, ki koma Romawa 8:30. Waɗanda Allah ya kira ya baratar, waɗanda ya baratar ya ɗaukaka. Bulus ya faɗe shi kamar abin da ya riga ya wuce, ko da yake ba mu gan shi ba tukuna, saboda wanda ya fara aikin ba ya barin sa rabi.

Wani abu kuma, 'yata. Ba ɗaya-ɗaya za a yi wannan ba. Bisa ga 1 Tasalonikawa 4, matattu cikin Almasihu za su fara tashi, sa'an nan a ɗauke waɗanda ke da rai tare da su. Wato mamarki, ko da take hutawa cikin murna, ita ma jira take yi, rana ɗaya kuke jira ke da ita. In a sujada ana faɗar Shaidar Bangaskiya ta Nikiya, wadda aka kammala a 381, ki tsaya a layin ƙarshe, inda muke cewa muna sauraron tashin matattu, ki faɗe shi da sunanta a zuciyarki.