Ƙa'ida ko mizani? Amsa ga mai aikin Linux

Wani injiniya mai haɗa ƙananan allunan lantarki da ke aiki da Linux, babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, ya aiko da tambaya: "Malam, a Linux muna da fayil mai zayyana wa manhaja abin da ke kan allo, kamar inda ma'adana take da adireshin kowace na'ura. Akwai kuma dokokin da ake gwada fayil ɗin da su. Ƙa'ida zan kira su ko mizani? Wane karin magana kuma zan yi wa yarana masu cewa tunda allo ya tashi, a ƙyale gargaɗin da gwajin ke fitarwa?"

Malam injiniya, fayil ɗin dai kira shi bishiyar na'urori, tunda yana da tushe da rassa. Kada ka ce itace, hankali zai tafi murhu.

Ƙa'ida da mizani duk daga Larabci muka aro su. Asalin ƙa'ida harsashi ne, abin da aka kafa aka ce a bi. Mizani kuwa sikeli ne, shi ake ɗora wa kaya. Tarihin sana'arku ma ya raba su. Shekara da shekaru dokokin nan a rubutun zube suke, wanda ya ga dama ya bi. Da Rob Herring, ɗaya daga masu kula da wannan ɓangare na Linux, ya kawo dt-schema, manhajar gwada fayil da dokokin, aka fara mayar da su YAML, tsarin rubutu da kwamfuta ke iya karantawa, wajen fitowar Linux 5.0 a 2019, sai kwamfuta ta koma aunawa da kanta. Ka buga umarnin make dtbs_check, ta ce reshen da ka raɗa wa suna uart, serial ne sunansa a doka, ko ka manta layin reg, mai ɗauke da adireshin na'ura. A nan ƙa'ida ta zama mizani.

Aikin kuma tantancewa ne, ba "tabbatarwa" da nake gani ana rubutawa ba. Mai tantancewa tsakuwa yake tsincewa a shinkafa, bai rantse maka tuwon zai yi daɗi ba.

Yaranka ka ce musu: tun ran gini, ran zane. Magini yana zana dagi a bango tun laka na ɗanya. In ta bushe, sai sassaƙa. Haka sunan da aka saki a layin compatible, wanda manhaja ke gane irin na'ura da shi: da zarar ya shiga na'urorin jama'a, dole manhaja ta yi ta ɗaukarsa ko da gurgu ne.

Sai dai kada su gyara fayil ido rufe don a daina yi musu ƙorafi. Wani lokaci mudun ne gindinsa ya lotse. In takardar kamfanin da ya ƙera na'urar ta nuna agogo biyu gare ta, wato siginar da ke daidaita bugun aikinta, mizani ya ce ɗaya, to YAML ɗin za a gyara, a bi shi da make dt_binding_check, umarnin da ke gwada dokar ita kanta, kafin a tura wa masu kula da Linux.